Sunan Yanka da Sunan Fim: Yadda Ake Tantance Ainihin Sunan Jaruma

Sunan da ake gani a jikin fosta ko a farkon fim ba lalle ne ya zama shi ne aka raɗa wa jaruma ranar suna ba. A masana'antun fim na duniya, daga Hollywood ta Amurka zuwa Mumbai ta Indiya, daga Alƙahira zuwa Kano, mata da yawa sun yi fice da sunan da ba su zo duniya da shi ba. Shi ya sa duk mai rubuta tarihin wata jaruma, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko mai haɗa kundin bayanai, yakan ci karo da tambaya guda: mene ne sunanta na asali? Tambayar tana da sauƙi a baki, amma amsarta sai an yi bincike, domin mace ɗaya kan amsa sunaye huɗu ko biyar a tsawon rayuwarta, kuma kowanne daga cikinsu gaskiya ne a muhallinsa.

Rabe-raben suna

Matakin farko shi ne a san irin sunan da ake nema. Akwai sunan haihuwa, wato wanda iyaye suka sa wa jaririya, aka kuma rubuta shi a rajista idan an yi mata rajistar. Akwai sunan gida, wanda dangi da ƙawaye suke kiranta da shi. Akwai sunan hukuma, wanda ke kan fasfo da asusun banki da takardun kwantiragi, shi kuwa yana iya canzawa ta hanyar aure ko ta kotu. Sai kuma sunan sana'a, wanda 'yan kallo suka sani. Wani lokaci duka huɗun kan zama ɗaya, wani lokaci kuma kowanne da hanyarsa.

Rayuwar Marilyn Monroe ta nuna yadda waɗannan sunaye suke bambanta. An haife ta a birnin Los Angeles ranar 1 ga Yuni, 1926, kuma sunan da ke kan takardar haihuwarta shi ne Norma Jeane Mortenson. Da aka yi mata baftisma a coci sai aka sa Baker a madadin Mortenson, domin Baker sunan mijin mahaifiyarta ne na baya, kuma da shi mahaifiyar take amfani. A 1942, tana da shekara 16, ta auri James Dougherty, ta koma Norma Jeane Dougherty. A 1946 ta sa hannu a kwantiragi da kamfanin fim na 20th Century Fox, inda wani jami'in kamfanin mai suna Ben Lyon ya zaɓa mata Marilyn, saboda ta tuna masa da wata tsohuwar 'yar wasan dandamali, Marilyn Miller. Monroe kuwa sunan gidan su mahaifiyarta ne kafin ta yi aure. Duk da haka sai a watan Fabrairun 1956 ne ta mayar da Marilyn Monroe sunanta a hukumance, wato ta yi kusan shekara goma duniya na kiranta da sunan da ba ya kan takardunta.

Saboda haka wanda ya ce sunan Marilyn na asali Baker ne bai ƙirƙiro ƙarya ba, amma bai faɗi sunan haihuwa ba. Wanda ya ce Mortenson ya dace da takarda. Hatta harafin ƙarshe na Jeane yakan ɓace a rubuce-rubuce da yawa, a mayar da shi Jean, kamar yadda aka saba rubuta sunan a waƙar da Elton John ya yi mata a 1973.

Abin da ke sa a canza suna

Sanin dalilin canjin yana taimaka wa mai bincike ya gane inda zai nemi hujja. A zamanin da manyan kamfanonin Hollywood ke juya 'yan wasa yadda suka ga dama, daga shekarun 1920 zuwa na 1950, kamfani ne ke yanke hukunci kan suna. Lucille LeSueur ta shiga kamfanin MGM a 1925, shugabanninsa suka ga sunan bai yi musu ba, sai aka shirya gasa a wata mujallar fim domin masu karatu su zaɓa mata sabo. Ta haka aka samu Joan Crawford. Margarita Carmen Cansino, wadda mahaifinta ɗan Sifaniya ne, ta fara fitowa da sunan Rita Cansino, daga baya aka mayar da ita Rita Hayworth, da sunan gidan su mahaifiyarta, domin kada a riƙa ba ta rawar baƙuwa kawai.

Dalili na biyu shi ne ƙa'idar ƙungiyoyin 'yan wasa. A Amurka da Birtaniya waɗannan ƙungiyoyi suna guje wa yi wa mutum biyu rajista da sunan aiki iri ɗaya. Diane Hall ta tarar wata ta riga ta yin rajista da wannan suna, sai ta ɗauki sunan gidan su mahaifiyarta, ta zama Diane Keaton. Emily Stone ta gamu da irin wannan, ta koma Emma Stone. Julie Anne Smith ma haka, ta zama Julianne Moore.

Dalili na uku shi ne kare kai da iyali. Natalie Portman, wadda aka haifa a birnin Ƙudus a 1981, ta fara fim tun tana yarinya, sai ta ajiye sunan mahaifinta, Hershlag, ta ɗauki na kakarta domin a bar iyalinta su sarara. Akwai kuma waɗanda wariyar launin fata ta tilasta wa ɓoye asali gaba ɗaya. Merle Oberon, wadda ta yi tashe a Ingila da Amurka a shekarun 1930, ta rayu tana cewa a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya aka haife ta. Sai bayan rasuwarta a 1979 masu bincike suka tabbatar da cewa a Bombay aka haife ta a 1911, da sunan Estelle Merle O'Brien Thompson, kuma tana da jinin mutanen kudancin Asiya ta wajen uwa.

Wani canjin kuma kuskure ne tsantsa. Jarumar Birtaniya Thandiwe Newton, wadda mahaifiyarta 'yar Zimbabuwe ce, an yar da harafi ɗaya daga sunanta a jerin sunayen fim ɗinta na farko a 1991, aka rubuta Thandie. Da haka aka san ta har shekara talatin, sai a 2021 ta sanar cewa ta koma ga cikakken sunanta.

Taurarin Indiya da na Masar

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san sunayen taurari da yawa ba tare da sanin na yankansu ba. Nargis, jarumar fim ɗin Mother India na 1957, sunanta Fatima Rashid, an haife ta a Kalkata a 1929, kuma bayan ta auri Sunil Dutt a 1958 aka san ta da Nargis Dutt. Meena Kumari ta fim ɗin Pakeezah sunanta Mahjabeen Bano. Rekha gajarcewa ce ta Bhanurekha Ganesan, Tabu kuma ta Tabassum Fatima Hashmi. A Masar ma haka abin yake: Shadiya, fitacciyar jaruma kuma mawaƙiya, sunanta Fatima Ahmad Kamal Shakir.

Sunan Madhubala, tauraruwar Mughal-e-Azam na 1960, yana koyar da darasi na musamman. An haife ta a Delhi ranar 14 ga Fabrairu, 1933, kuma cikakken sunan da ake rubuta mata shi ne Mumtaz Jehan Begum Dehlavi. Idan aka warware shi za a ga ba duka ne sunan yanka ba. Mumtaz Jehan shi ne sunan. Begum kalmar girmamawa ce da Musulmin yankin ke liƙa wa mace. Dehlavi kuwa nasaba ce ga birnin Delhi, kamar yadda Bahaushe ke ƙara Kano ko Gusau ko Funtuwa a ƙarshen sunansa. Sannan a fim ɗinta na farko, Basant na 1942, babbar jarumar fim ɗin ita ma Mumtaz ce, wato Mumtaz Shanti, ita kuwa yarinyar a finafinanta na ƙuruciya ana kiranta Baby Mumtaz. Daga baya kuma wata Mumtaz ɗin daban ta yi tashe a shekarun 1960 da 1970. Mai binciken da ya dogara da kalmar Mumtaz kaɗai zai iya cakuɗa tarihin mata uku a wuri ɗaya.

Yadda abin yake a Kannywood

A ƙasar Hausa rabuwar sunan yanka da sunan da ake kira ta girmi fim nesa ba kusa ba. Ranar bakwai ga haihuwa ake yanka rago a raɗa wa jaririya suna, amma sau da yawa ba da shi za ta tashi ba. Idan sunan kaka aka mayar mata, sai a yi alkunya a kira ta Ummi ko Mama ko Walida. Idan ranar haihuwa aka bi, sai ta zama Ladi, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai ko Asabe. Wasu sunayen kuma suna da inkiyarsu da kowa ya sani: Fatima ita ce Binta, A'isha ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu, Zainab ita ce Abu, Hadiza kuma Dije. Mace na iya tsufa a unguwa ba tare da maƙwabta sun san sunanta na yanka ba.

Masana'antar finafinan Hausa ta ɗora nata salon a kan wannan al'ada. Salon da ya fi yawa shi ne a liƙa wa jaruma sunan fim ɗin da ya fito da ita. Jamila Umar ta zama Jamila Nagudu, Hafsat Idris aka riƙa ce mata Ɓarauniya, A'isha Najamu kuma ana haɗa sunanta da shirin Izzar So. Wani lokaci wurin da ta fito ake liƙa mata, kamar Hadiza Aliyu, wadda aka haifa a birnin Libreville, kowa ya san ta da Hadiza Gabon. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, laƙabinta na Daso ya kusa shafe sunanta a bakin 'yan kallo. Bambancin wannan da na Hollywood shi ne, a nan yawanci ba a jefar da sunan farko, ƙari ake yi masa, kuma 'yan kallo da abokan sana'a ne ke raɗa laƙabin, ba kamfani ba.

Matsalar da ta fi damun mai bincike a nan ita ce ta rubutu da ta sunan uba. A'isha ɗaya za a gan ta a matsayin Aisha, Aishatu ko Ayshat, Rahama ta zama Rahma, Nafisa ta zama Nafisat. Sunan da ke biye da na farko kuma yana iya zama na uba, ko na kaka, ko na wan uba da ya riƙe ta ya sa ta a makaranta, ko na miji, ko na gari. Ba a kiran ɗaya daga cikinsu kuskure sai an san daga inda ya fito.

Matakan tantancewa

Ƙa'idar da masana tarihi ke bi ita ce, hujjar da ta fi kusa da lokacin faruwar abu ta fi ƙarfi. A batun suna, takardar haihuwa da aka rubuta kwanaki kaɗan bayan haihuwar ita ce kan gaba. Daga ita sai rajistar coci ko ta asibiti, sai ta makarantar firamare, sai takardar aure, sai takardun kotu na canjin suna. Bayan waɗannan sai maganar jarumar da bakinta da ta iyayenta da 'yan uwanta. Can ƙasa kuma sai tallan kamfanonin fim da labaran mujallun nishaɗi da shafukan intanet.

Tarihin Audrey Hepburn ya nuna amfanin wannan jeri. Shekaru da yawa littattafai da mujallu suna rubuta cewa sunanta na haihuwa Edda ne. Takardar haihuwarta kuwa ta nuna an haife ta ranar 4 ga Mayu, 1929, a unguwar Ixelles ta birnin Brussels a ƙasar Beljiyam, da sunan Audrey Kathleen Ruston. Hepburn ma daga baya mahaifinta ya ƙara shi a sunan gidan, bisa zaton yana da dangantaka da wani basaraken Sikotilan na da. Edda kuwa ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar Holan a 1940, Audrey na zaune a garin Arnhem tare da mahaifiyarta, Ella van Heemstra. Suna mai kama da na Ingilishi haɗari ne a wannan lokaci, sai yarinyar ta koma amsa Edda van Heemstra. Sunan ɓuya na 'yan shekaru ne wani marubuci ya ɗauka a matsayin na haihuwa, na bayansa suka kwafa, har ya zama kamar gaskiya.

Wannan kwafe-kwafe shi ne babban tarkon zamanin intanet. Shafi ɗaya ya yi kuskure, goma su kwafa, wata jarida ta ɗauka daga cikinsu, sannan shafin farko ya kafa hujja da jaridar. Mai karatu ya ga wurare goma sha biyu sun yi ittifaƙi, alhali tushensu ɗaya ne. Wikipedia kowa na iya gyara ta, rumbun bayanan finafinai na IMDb ma ya dogara sosai ga abin da masu amfani da shi suka aika. Wuraren biyu suna da amfani a matsayin mafari, amma aikin mai bincike shi ne ya gangara ƙasa ya ga daga ina suka samo maganar. Yawan masu faɗa ba ya zama hujja sai idan kowanne ya samo nasa ta hanya mai zaman kanta.

Maganar jarumar da kanta tana da nauyi, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai ita ma ana auna ta. Merle Oberon ta ɓoye nata da gangan. Jaruma Doris Day kuwa an daɗe ana rubuta cewa a 1924 aka haife ta, har sai da kamfanin dillancin labarai na AP ya samo takardar haihuwarta daga ofishin rajista na Jihar Ohio a 2017. Takardar ta nuna 3 ga Afrilu, 1922, da sunan Doris Mary Kappelhoff. Ba wanda ya halarci ranar sunansa da wayonsa, abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Ita ma takardar tana da iyaka. Abin da take tabbatarwa shi ne abin da aka gaya wa magatakarda a ranar. A takardar Marilyn an rubuta Mortenson, alhali mijin mahaifiyarta Mortensen yake rubuta sunansa, kuma sun rabu tun kafin a samu cikinta. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka bayyana sakamakonsa a 2022 ya nuna wani mutum daban, Charles Stanley Gifford, shi ne mahaifinta. Duk da haka Mortenson ɗin shi ne sunanta na haihuwa, domin shi aka rubuta. Tantance suna daban, tantance nasaba daban.

A Nijeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin rajistar haihuwa a ƙarƙashin dokar 1992, amma mutane da yawa, musamman waɗanda aka haifa a gida, ba a yi musu rajista a kan kari ba. Abin da suke riƙe da shi shi ne takardar rantsuwa ta kotu da aka yi bayan sun girma, wadda ke ɗauke da abin da mai rantsuwar ya faɗa. Ga mai binciken tarihin jarumar Kannywood, hanyar da ta fi dacewa ita ce ya nemi hirar da ta faɗi cikakken sunanta da bakinta, kamar waɗanda sashen Hausa na BBC ke yi a shirin Daga Bakin Mai Ita, ya gwada da tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara fita a 1999, sannan ya duba jerin sunayen da ke finafinanta na farko, kafin laƙabi ya kama ta. Idan waɗannan uku suka dace, maganar ta yi ƙarfi. Idan suka saɓa, a tambayi mai sunan, matambayi ba ya ɓata.

Yadda ake rubutawa

Bayan an tantance, sai a faɗi kowane suna da matsayinsa. Tsarin da kundayen tarihi suka saba bi shi ne a sa sunan da aka fi sani a kai, domin shi mai karatu zai nema, sannan a jimlar farko a kawo na haihuwa. Idan an canza suna a kotu, a faɗi shekarar. Idan majiyoyi sun saɓa kuma babu takardar da za ta raba gardama, a kawo ɓangarorin biyu tare da faɗin wanda ya ce me. Kalmar "sunan gaskiya" ita kanta tana da ruɗi, domin tana nuna kamar ɗayan na ƙarya ne, alhali Marilyn Monroe shi ne sunan matar a gaban doka daga 1956. Ya fi kyau a ce sunan haihuwa, ko sunan yanka, ko sunan sana'a.

Akwai kuma haƙƙin mai sunan. Jarumar da ta rasu shekaru da yawa, tarihinta ya zama na jama'a, kuma binciken takardunta hidima ce ga ilimi. Wadda take raye kuwa, idan ta ɓoye sunan gidansu domin kare iyayenta ko 'ya'yanta, tono shi a watsa ba tare da wata maslaha ba cutarwa ce. Bai halatta a wallafa hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa ko lambar asusun wani da sunan kafa hujja ba, domin irin waɗannan bayanai ne 'yan damfara ke amfani da su wajen buɗe shafukan bogi a Facebook da sauransu, suna karɓar kuɗin masoya da sunan taurari. Addinin Musulunci ma, a Suratul Hujurati, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma hana jifan juna da munanan laƙubba. Laƙabin da ya samo asali daga rawar da jaruma ta taka a fim ba shaida ba ne a kan halinta, kuma idan ta nuna ba ta son sa, ladabi shi ne a kira ta da wanda ta zaɓa.

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma kuskure a cikinsa yakan ja dukan tarihin mutum zuwa wata hanya: a ba wata finafinan wata, a haɗa ta da dangin da ba nata ba, ko a jingina mata laifin mai irin sunanta. Don haka duk wanda zai rubuta sunan haihuwar jaruma ya fara tabbatar da abu uku: wane irin suna ne, wa ya fara faɗin sa, kuma da wace hujja. Sunan da ya tsallake waɗannan tambayoyi shi ya cancanci shiga littafi, wanda bai tsallake ba kuwa ji-ta-ji-ta ne, ko da shafuka dubu sun ɗauke shi.